Dashen huhu: Abin da ya sa ƙafa ke gajiya tun numfashi bai ƙare ba

A shekarar 2017 wata tawagar likitoci daga Jami'ar Koyon Aikin Likita ta birnin Vienna, a ƙasar Ostiriya, ta raka mutum 10 da aka yi wa dashen huhu zuwa Tanzaniya domin hawan Dutsen Kilimanjaro. Tsayin dutsen mita 5,895 ne, kuma iskar oksijin da mutum ke samu a kowace shaƙa a can sama kusan rabin wadda ake samu a bakin teku ce. Takwas daga cikin goman sun kai ƙololuwa, suna numfashi da huhun da aka ciro daga ƙirjin wasu mutane.

Labari ne mai daɗin ji, sai dai zaɓaɓɓu aka tafi da su, bayan an tantance lafiyarsu. Abin da gwaje-gwajen asibiti ke nunawa game da sauran waɗanda aka yi wa wannan aiki ya sha bamban. Tun farkon shekarun 1990 ake maimaita gwaji iri ɗaya a Kanada da Turai da Ostireliya: a ɗora mutumin da ya shekara ɗaya ko biyu da dashe a kan keken motsa jiki, a riƙa ƙara wa keken nauyi har sai ya ce ya gaza. Kusan kullum sakamakon ɗaya ne. Ƙarfinsa yakan tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na abin da ake sa ran sa'ansa mai lafiya zai iya, alhali gwajin numfashi na nuna huhun na aiki kusan yadda ya kamata. Idan aka tambaye shi abin da ya tsayar da shi, galibi cinyoyinsa yake nunawa.

Wannan ne ya sa manyan cibiyoyin dashe ba sa ɗaukar aiki ya kammala ranar da aka ɗinke ƙirji. Akwai watanni na atisaye a gaba, kuma su ke yanke hukuncin ko mutum zai koma harkokinsa ko zai ci gaba da zama a kujera da lafiyayyen huhu.

Daga kwana 18 zuwa shekara shida

A ranar 11 ga Yunin 1963 Dakta James Hardy ya yi dashen huhu na farko a jikin ɗan Adam, a asibitin Jami'ar Mississippi da ke Amurka. Majinyacin, John Russell, fursuna ne mai shekara 58 da ke fama da ciwon dajin huhu (a yau da wuya wani kwamitin ɗa'ar aikin likita ya yarda a fara irin wannan gwaji a kan ɗaurarre). Kwana 18 ya yi, ƙodarsa ta gaza, ya rasu. A cikin shekara ashirin da suka biyo baya an gwada kusan sau 40 a ƙasashe daban-daban, kuma yawancin majinyatan ba su wuce 'yan makonni ba.

Abu biyu suka sauya lamarin. Na farko maganin saikulosporin, mai danne garkuwar jiki don kada ta yaƙi baƙon sashen da aka saka. Na biyu aikin tawagar Dakta Joel Cooper a birnin Toronto na Kanada, wadda ta gano yadda mahaɗar bututun iska za ta warke ba tare da ta ɓalle ba. A watan Nuwamban 1983 suka yi wa wani mutum mai suna Tom Hall dashen huhu ɗaya, ya koma gida, ya rayu fiye da shekara shida.

Yanzu ana yin dashen huhu sama da 6,000 a duniya kowace shekara, kuma Amurka kaɗai ta haura 3,000 a 2023. Duk da haka huhu na cikin sassan jikin da suka fi wuyar riƙewa. Kimanin rabin manyan da aka yi wa dashen ne ke wuce shekara shida zuwa bakwai, alhali a dashen zuciya lissafin ya kai wajen shekara 12. Ƙoda da hanta da zuciya a ɓoye suke cikin jiki, shi kuwa huhu ƙofarsa a buɗe take, yana shaƙar iska lita 10,000 ko fiye a kowace rana, da ƙurarta da hayaƙinta da ƙwayoyin cutarta. Kafin shekara biyar, kusan rabin masu dashe sukan fara fama da wata lalacewa mai tafiya a hankali, inda tabo ke toshe ƙananan hanyoyin iska. Shekarun da dashe ke bayarwa ƙidayayyu ne, don haka kowane wata da mutum ya ɓata bai iya tashi ba babbar asara ce.

Sabon huhu, tsohuwar tsoka

Kafin a saka sunan mutum cikin jerin masu jiran huhu, yawanci ya shekara da shekaru yana ciwo. Wani cutar toshewar hanyoyin numfashi ce da hayaƙi ke haddasawa, wani cutar da ke mayar da huhu tabo har ya ƙandare, wani cutar gado ce ta sistik faiburosis da ta fi yawa a tsakanin Turawa, wani kuma hawan jinin jijiyoyin huhu. Sunayen sun bambanta, amma hanyar da suke bi da mutum ɗaya ce. Ya ga tafiya na sa shi haki, sai ya rage tafiya. Da ya rage, tsokar ƙafa ta yi rauni, ta fara tara sinadarin gajiya tun ba a je ko'ina ba, shi kuma sinadarin ya tilasta wa numfashi ƙaruwa. Haki ya daɗu, sai a ƙara rage tafiya. Daga zuwa kasuwa a dawo ƙofar gida, daga ƙofar gida a dawo tsakanin gado da kujera, da bututun oksijin a hanci.

Tsoka tana da zaruruwa iri biyu. Akwai masu jimiri, waɗanda ke ƙona abinci da oksijin a hankali, su ne na doguwar tafiya da doguwar tsayuwa. Akwai masu ƙarfin nan take da saurin gajiya, irin na ɗan tseren mita ɗari. Da masu bincike suka ɗebi ɗan samfurin tsokar cinya daga masu dashen huhu suka duba, sun tarar zaruruwan jimiri sun ragu, haka ma aikin mitokondiriya, wato ƙananan murhunan da ke cikin ƙwayar tsoka inda ake ƙona abincin. Sabon huhu na cika jini da oksijin, zuciya na tura shi har ƙafa, amma tsokar da aka kai wa ba ta da murhun da za ta yi amfani da shi. Kamar a sauke buhunan hatsi a gidan da ba a hura wuta.

Tiyatar kanta sai ta ƙara dagula abin. Bayan sa'o'i masu yawa a ɗakin tiyata, majinyaci yakan yi kwanaki, wani lokaci makonni, a sashen kulawa ta musamman. Wani bincike da aka yi a Landan aka wallafa a 2013 ya nuna masu jinya mai tsanani a irin wannan sashe kan rasa kusan kashi 18 cikin 100 na kaurin wata tsokar cinya a cikin kwana goma kacal. A birnin Leuven na Beljiyam kuma, masu bincike sun auna ƙarfin cinyar majinyata kafin dashen huhu da bayansa, suka ba da rahoto a 2008 cewa ya faɗi da kimanin kashi ɗaya bisa uku. Mutumin da ya shiga asibiti da raunin ƙafa ya fito da wanda ya fi shi.

Sai kuma magunguna, waɗanda ba a daina sha har ƙarshen rayuwa. Firednisolon da danginsa na sitiroyid suna zaizaye tsoka da ƙashi, suna kuma iya jawo ciwon suga. Takrolimus, wanda ya maye gurbin saikulosporin a yawancin cibiyoyi, yana sa rawar hannu, yana ɗaga hawan jini, yana wahalar da ƙoda, kuma akwai shaidar cewa magungunan wannan aji na rage aikin murhunan tsokar da aka ambata. Maganin da ke tsare huhu shi ne ke cin ƙafa, kuma babu damar ajiye shi.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Idan aka dasa huhu, ana ɗinke bututun iska da manyan jijiyoyin jini, amma jijiyoyin da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa an yanke su ke nan. Mai lafiya idan majina ta taru masa a ƙirji tari ke zuwa da kansa. Mai dashe, musamman a watannin farko, ba ya jin ta a can ƙasan mahaɗar, saboda haka sai an koya masa yin tari da gangan, a kan lokaci, kamar shan magani. Motsa jiki na taimakawa wajen taso da majinar kafin ta zama mazaunin ƙwayoyin cuta.

Abin da ake yi a zauren atisaye

Aikin yakan fara tun kafin tiyata. Cibiyoyi da yawa ba sa barin mai jiran huhu ya zauna haka, sai ya riƙa zuwa atisaye yana jan tulun oksijin ɗinsa. Ma'aunin da aka fi amfani da shi ba ya buƙatar wata na'ura mai tsada: baranda mai tsawon mita 30, da agogo, da ɗan abin auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa. A ce wa mutum ya yi ta kai da komowa na minti shida, a auna nisan da ya ci. Wanda nisansa ya yi ƙasa ƙwarai ya fi shiga haɗarin mutuwa yana jira, kuma a wasu cibiyoyi rauni mai tsanani kan sa a jinkirta saka sunan mutum har sai ya ɗan murmure.

Bayan tiyata, da zarar hali ya yi, likitan fisiyo, wanda aka fi sani da mai gashin ƙashi, zai zaunar da majinyaci a bakin gado, ya tsayar da shi, ya taka da shi, da bututan da ke zuƙe ruwa daga ƙirjinsa a rataye. Bayan sallama sai zuwa asibiti sau biyu ko uku a mako, na kimanin wata uku: tafiya a kan na'ura, taka keke, hawa matakala, tashi daga kujera a zauna, da tura nauyi da ƙafa. Hannuwa ana bin su a sannu, domin a dashen huhu biyu sau da yawa akan tsaga ƙirji a kwance daga wannan gefe zuwa wancan, har da ƙashin tsakiya, kuma sai ya yi makonni kafin ya haɗe. A wannan lokaci ana hana ɗaukar kaya mai nauyi da tuƙin mota.

Wani ɓangare na aikin a zuciya yake. Mutumin da ya yi shekaru yana ɗaukar haki a matsayin alamar mutuwa sai an sake koya masa cewa hakin mai hawa bene daban ne, kuma zai wuce idan ya huta. Ma'aikatan waɗannan cibiyoyi sun saba ganin majinyatan da ke ƙin rabuwa da bututun oksijin alhali jininsu cike yake da ita.

Me bincike ya tabbatar?

Gwajin da aka fi ambata shi ne wanda Daniel Langer da abokan aikinsa suka yi a Leuven, aka wallafa a 2012. Sun ɗauki majinyata 40 masu shekara 40 zuwa 65 da tiyatarsu ta tafi lami lafiya, suka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya aka ba su atisaye ƙarƙashin kulawa na wata uku bayan sallama, ɗaya kashin bai samu wannan ba. Bayan shekara guda, na farko suna tafiyar minti 85 a rana, na biyu minti 54. Cinyoyin na farkon sun fi ƙarfi, nisan da suke ci a minti shida ya fi yawa, hawan jininsu ma ya fi sauƙi. Abin lura shi ne an auna wannan bambanci wata tara bayan an daina atisayen.

Wani ƙaramin gwaji a Jami'ar Florida, a 2003, ya duba ƙashin baya. Duka majinyatan sun yi asarar ƙarfin ƙashi a watanni biyun farko, amma waɗanda suka yi wata shida suna atisayen tsokar gadon baya sun dawo da mafi yawan abin da suka rasa, sauran kuwa suka ci gaba da zubewa. A birnin Melbourne na Ostireliya, a 2017, an kwatanta masu mako 14 na atisaye a asibiti da masu mako bakwai a asibiti da bakwai a gida, ba a ga wani bambanci tsakaninsu ba. Wannan albishir ne ga wanda gidansa ke nesa.

Sai dai a 2021, da ƙungiyar Cochrane mai tace binciken lafiya ta tattara duk gwaje-gwajen da suka cika sharaɗi, takwas kawai ta samu, da mutum 438 gaba ɗaya, ta kuma ce shaidar ba ta da ƙarfin da za a yanke hukunci da ita. Bai kamata a karanta wannan a matsayin cewa atisaye ba ya amfani ba. Gwaje-gwajen ƙanana ne, kowanne da irin atisayensa da irin ma'auninsa. Ba a iya ɓoye wa mutum ko yana motsa jiki ko ba ya yi, yadda ake yi da ƙwayar magani ta bogi, kuma likitoci ƙalilan ne za su yarda su hana rabin majinyatansu abin da suka yi imani yana taimaka musu. Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa ba: babu kamfanin da ke da haƙƙin mallakar tafiya a baranda, don haka babu mai zuba miliyoyin daloli a gwada ta a kan mutum dubu.

Game da ingancin rayuwa, ana auna shi ne da tambayoyi masu sauƙi: ko mutum na iya wanka da sa tufafi da kansa, ko yana hawa bene, ko yana barci, ko ciwo ko damuwa na hana shi hulɗa da jama'a. A nan dashen huhu na kawo gagarumin sauyi, mafi yawansa a cikin shekarar farko. Amma makin ɓangaren ƙarfin jiki kan tsaya ƙasa da na sauran jama'a, kuma a yawancin binciken Turai da Amurka ta Arewa waɗanda suka koma bakin aiki ba su kai rabi ba. Ga kuma dokokin yau da kullum: ƙwayoyi da yawa a kan sa'a, busa na'urar auna numfashi a gida, gudun cunkoso da masu mura, da nisantar ƙasar lambu da takin da ke ɗauke da funfuna.

Wa ke biyan kuɗin watannin?

Kamfanin ƙididdiga na Milliman ya kiyasta a 2020 cewa kuɗin da ake cajin dashen huhu biyu a Amurka ya haura dala miliyan 1.2. Idan aka ajiye kuɗin atisaye kusa da wannan, ɗan ƙaramin abu ne. Amma shi ne ɓangaren da nauyinsa ya fi faɗawa kan iyali, domin cibiyoyin dashe kaɗan ne, a manyan birane suke, kuma sukan shardanta wa majinyaci ya tare kusa da asibiti tare da mai jinyarsa tun yana jira, har zuwa kimanin wata uku bayan tiyata.

Kanada misali ce mai kyau, tunda can gwamnati ke biyan kuɗin tiyatar. Lardunan gabashin ƙasar ba su da cibiyar dashen huhu, sai dai a tafi Toronto. A 2019 rahotannin kafar yaɗa labarai ta CBC suka nuna wasu majinyata na haƙura da dashen, suna zaɓar mutuwa a gida, saboda ba za su iya biyan hayar ɗaki a Toronto ba. Bayan rahotannin ne gwamnatin lardin Nova Scotia ta ɗaga tallafin wata daga dalar Kanada 1,500 zuwa 2,500.

Matsalar ta wuce masu dashe. Wani bincike da aka wallafa a 2020 ya bi bayanan tsofaffi kusan 200,000 a Amurka da aka kwantar saboda cutar toshewar hanyoyin numfashi, ya tarar ƙasa da kashi 2 cikin 100 ne suka fara atisayen farfaɗo da huhu cikin kwana 90 bayan sallama, duk da cewa inshorar gwamnati na biyan kuɗinsa. Sai a watan Mayun 2023 Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙudurinsa na farko a kan farfaɗo da majinyata, alhali a lokacin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum biliyan 2.4 na da larurar da irin wannan kulawa za ta amfana. Tiyata tana da ranar biki da hoton da ɗan siyasa zai ɗauka. Albashin likitan fisiyo ba shi da ko ɗaya.

A nahiyar Afirka, Afirka ta Kudu ce ta yi fice a dashen huhu, a asibitin Milpark na Johannesburg da Groote Schuur na Cape Town, inda Christiaan Barnard ya yi dashen zuciya na farko a 1967. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002, amma ƙoda ɗan'uwa mai rai ke bayarwa. Huhu kusan kullum daga mamaci ake samunsa, galibi wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu yana kan na'urar numfashi, kuma 'yan sa'o'i kawai yake jurewa a wajen jiki. Wannan na buƙatar tsarin karɓar sassan mamata, wanda a aikace babu shi a Najeriya ko Nijar. Mai halin da ya fita waje aka yi masa, idan ya dawo zai buƙaci wurin auna takrolimus a jini, da wurin gwajin numfashi, da likitan fisiyon da ya san aikin ƙirji, har iya rayuwarsa.

Inda darasin tsoka ya fi shafar wannan yanki shi ne tarin fuka. Najeriya ce ke kan gaba a Afirka wajen yawan masu kamuwa da shi, kusan rabin miliyan a shekara bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya. Da yawa daga cikin waɗanda suka kammala maganin wata shida aka ce sun warke suna komawa gida da tabo a huhu, da haki, da wannan zagaye na rage tafiya da raunin ƙafa. A asibitin Mulago da ke Kampala, masu bincike daga Jami'ar Makerere ta Yuganda da Jami'ar Plymouth ta Ingila sun gwada irin wannan atisaye a kan waɗanda suka warke daga tarin fuka: mako shida, sau biyu a mako, ƙarƙashin likitocin fisiyo na asibitin, da kayan aiki masu araha. Gwajin ƙarami ne, kuma ba a ware wani rukuni na kwatanci ba. Rahotonsu na 2017 ya nuna nisan tafiyar majinyatan ya ƙaru, makin ingancin rayuwarsu ya ɗaga, ciwon ƙirjin da wasunsu ke kuka da shi ma ya ragu.